LAFIYA UWAR JIKI: A Cike, A Kashe Jijiya, Ko A Cire? Lissafin Haƙori Ga Ɗan Kasuwar Gadarif

A wannan makon za mu yada zango a Gadarif, garin riɗi da dawa na gabashin Sudan, inda Hausawa suka daɗe suna noma da fatauci tun zamanin da kakanninmu ke takawa Makka a ƙasa. Maganar da za mu yi ta shafi na Kasala da na Mai Wurno, ta shafi na Jidda da na Kantin Kwari, amma a Gadarif ɗin ne za mu auna ta, don a nan ne abubuwan da ke cin haƙori da abubuwan da ke hana gyara shi suka taru wuri guda.

Ɗan kasuwar amfanin gona ba ya sayen buhu da ka. Sai ya huda, ya zuba a tafin hannu, ya duba ko akwai ƙwari ko danshi. In ya ga alamar ɓaci a buhu ɗaya, ranar zai ware shi daga sauran. Amma mutumin nan, da hankalinsa da lissafinsa, sai ya yi shekara uku da rami a turminsa na ƙasa, yana tauna da gefe guda, yana haɗiyar ƙwaya duk daren da ciwon ya motsa. In abin ya ci tura ya je a fizge. Bayan wata bakwai na kusa da shi ya ɗauka. Daga nan sai ka ji ya ce: "Ni dai haka aka halicce ni, haƙorana ba su da ƙwari, gadon gidanmu ne."

To Alhaji, gado na da ɗan rabonsa, amma ƙarami ne. Abin da aka fi gada a gida shi ne yadda ake zuba sukari da yadda ake kwanciya ba a wanke baki ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce mutum kusan biliyan 3.5 na fama da wata cuta ta baki, kuma wajen biliyan 2 na yawo da ruɓaɓɓen haƙori na girma da ba a yi masa magani ba. Babu wata cuta da ta kai ta yawa a bayan ƙasa.

Me ya sa ruɓewar ke dawowa?

Mu fara da kawar da maganar tsutsa. Larabawan nan suna ce wa ciwon "susa", mu ma a gida akwai masu tiraren da suke nuna maka 'yan fararen abubuwa a kwano su ce ga tsutsar ta fito. Babu tsutsa a haƙori. Abin da ke akwai shi ne wani datti mai yauƙi da ke manne wa haƙori, cike da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Abincinsu sukari ne. Da sun samu, cikin 'yan mintoci sai su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da farin ɓawon haƙori. Yawun bakinka ne ke zuwa ya wanke tsamin, ya mayar wa haƙori da sinadaran da ya rasa, amma aikin nan na ɗaukarsa rabin awa zuwa awa guda.

Nan ne shayin kasuwa ya shigo. Kowa ya san Gadarif ya san kujerun masu shayi a bakin kowace rumfa. Ciniki ba ya faɗawa sai da kofi a hannu, baƙo ba ya tashi sai an kawo masa jabana. Mu yi lissafi irin namu. Ƙaramin cokali na sukari giram 4 ne. Kofi ɗaya cokali uku. Kofi shida a yini, wanda ba wani abin mamaki ba ne ga dillali a lokacin kaka, cokali 18 ke nan, giram 72. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato cokali 12, in so samu ne ma ya tsaya a rabin haka. Ka ga shayi kaɗai ya ƙetare iyaka, ba a sa halawar riɗi ta karin kumallo ba, ba a sa zoɓo da lemun kwalba ba, ba a sa dabino da biskit na cikin mota ba.

Abin da ya fi yawan sukarin illa ga haƙori shi ne yawan lokutan. Wanda ya sha zaƙinsa tare da abinci sau uku, bakinsa na samun hutu a tsakani. Wanda ke kurɓa daga hantsi har magariba, yawunsa bai gama gyaran ɓarnar kofin farko ba na biyu ya iso. Ga zafin Gadarif da ke busar da baki, ga ƙarancin ruwan da kowa ya san garin da shi. Busasshen baki ba ya kare haƙori.

Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum ke cike haƙori bana, baɗi ciko ya faɗi ko gefensa ya sake baƙi, sai ya ce likita ya cuce shi. Wani lokacin aikin ne bai yi kyau ba, gaskiya ne. Amma sau da yawa an toshe ramin ne an bar abin da ya haƙa shi. Ciko ba ya ruɓewa, haƙorin da ke kewaye da shi ne ke ci gaba da ruɓewa. Duk wani zaɓi da za mu ambata a ƙasa, daga mai araha har mai tsada, in ba a taɓa kofin shayi da buroshi ba, kuɗin an zuba su ne a buhu mai huda.

Ƙwaya ba ta cike rami

Ruɓewa hawa-hawa ce. Da fari wani farin tabo ne ko ruwan ƙasa a jikin haƙori, babu zafi. A wannan matakin man goge baki mai sinadarin fuloraid na iya tsayar da ita. Daga nan sai rami, ka ji tsam in ka sha ruwan sanyi ko zaƙi, ya wuce nan take. Ciko ya isa. In ramin ya kai ɓargon haƙori, inda jijiya take, sai ciwon ya zama mai zuwa da kansa, mai hana barci, mai harbawa har kunne. Bayan wasu kwanaki ko makonni sai ya lafa, mutum ya ce Alhamdu lillahi na warke. Ba warkewa ba ce, jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar sun bi ta saiwa sun sauka cikin ƙashin muƙamuƙi, can za su tara mugunya.

Da yawanmu a wannan gaɓar kantin magani muke nufa, a ba mu kafso da maganin zafi. Kafson antibayotik na iya sassauta kumburi na ɗan lokaci, amma ba ya shiga cikin mataccen haƙori, don jini ya daina zuwa wurin. Kumburin zai dawo, kuma yawan shan maganin ba bisa ƙa'ida ba na koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Su kuma irin su diclofenac da ibuprofen da ake haɗiya kamar gyaɗa, in aka ɗore a kansu makonni suna ƙwaƙular ciki, suna taɓa ƙoda, balle ga mai hawan jini ko ciwon sukari. Kanumfari na ɗan kashe zafi na dare ɗaya, babu laifi kafin gari ya waye. Amma ɗora asfirin a kan dasashi ƙona shi yake yi, ruwan batir da fetur kuwa kada ma a fara.

Ga alamun da ba a jira da su ko da ana tsakiyar lodi: kumburin da ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi ya yi nauyi, ga zazzaɓi. Wannan ba aikin gobe ba ne. A nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Gadarif ko asibiti mafi kusa a daren. Kumburin haƙorin ƙasa na iya toshe maƙogwaro, kuma yana kisa.

Zaɓin da ke gabanka

Zan sa sunayen da za ka ji a bakin likitan Sudan, don kada a yi ta Larabci a kanka kana gyaɗa kai.

Na farko ciko, "hashwa". Iri uku aka fi samu. Akwai mai launin azurfa, wanda ya daɗe a duniya, yana jure tauna, sau da yawa yana haura shekara goma a turmi. Saboda sinadarin makuri da ke cikinsa, ƙasashen duniya sun amince a 2022 a riƙa kauce masa ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa. Wanda yake da tsohon irinsa lafiya lau a baki, babu dalilin zuwa a tone shi. Akwai fari mai kama da haƙori, da ake busarwa da 'yar fitila. Yana da kyan gani, amma yana son hannu mai kyau da wuri busasshe, kuma a bakin mai yawan zaƙi gefensa na saurin ɓaci. Na uku wani farin siminti ne da ke sakin fuloraid a hankali, ana iya sa shi da kayan hannu ko babu lantarki. A Tanzaniya aka fara wannan dabarar a tsakiyar shekarun 1980, don wuraren da babu wuta. Bai kai sauran ƙarfi a babban rami ba, amma ga yara, da tsofaffi, da wanda ke son a tsayar da ɓarna kafin ya dawo daga tafiya, yana da amfani ƙwarai. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna, tare da man goge baki mai fuloraid da wani ruwan azurfa da ake ɗiga wa ruɓaɓɓen wuri ya tsaya. Shi ruwan azurfar yana mayar da wurin baƙi ƙirin, don haka a tambayi uwar yaro kafin a sa a haƙorin gaba.

Na biyu kashe jijiya, "ilaj juzur". In ruɓewa ta kai ɓargo amma jikin haƙorin da saura, likita zai buɗe, ya kwashe mataccen nama daga cikin saiwoyi, ya wanke, ya toshe. Zama ɗaya ne zuwa uku. Haƙorin zai zauna a wurinsa, kuma in aikin ya yi kyau yana iya kai ka shekaru masu yawa. Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya a gama. Abin da ke faruwa da matafiya shi ne, zama na farko ciwo ya ɗauke, an sa ciko na wucin gadi, sai ga mota ta tashi zuwa Galabat ko Bur Sudan, mutum ya ce in na dawo. Cikon wucin gadi na makonni ne. In ya zube, datti ya koma ciki, an dawo gidan jiya har da riba. Na biyu, turmin da aka kashe wa jijiya an rarake cikinsa, yana iya darewa a kan ƙashin nama ko tsakuwar wake, don haka akasari sai an sa masa hula, "talbisa". Kafin ka yarda, ka tambayi kuɗin duka biyun a haɗe. Wanda ya biya na jijiya ya rasa na hula, sau da yawa yana tashi ba tsuntsu ba tarko.

Na uku cirewa, "khala". Nan zan faɗi ra'ayina ƙarara, ko da wasu likitocin birni za su ɗaure fuska. Cirewa ba abin kunya ba ne. In haƙori ya dare har cikin saiwa, ko ya ruɓe ya shige ƙasan dasashi, ko yana girgiɗi don ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye, ko kuma kai ka san ranar Laraba za ka shiga gona a Samsam ba fitowa sai bayan wata uku, to a cire a tsaftace ya fi a fara aikin da ba za a ƙarasa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma kada a ruɗe ka da cewa shi ne mafi araha. Araharsa ta ranar ce. Turmi in ya fita, na bayansa na karkatowa cikin giɓin, na samansa na zazzagowa, abinci na maƙalewa a sabbin lunguna, tauna ta koma gefe guda. Mutum na da haƙora 32 in sun cika. Likitoci na cewa wanda ya riƙe 20 masu haɗuwa da juna, na gaba da na tsakiya, zai ci tuwonsa da namansa ba tare da na roba ba. Wato akwai rarar da za ka iya asara, amma ƙidayayya ce. Turmin ƙarshe na can ƙurya in ya tafi, ba lallai a maye shi ba. Na gaba da na kusa da fiƙa kuwa, a yi musu yaƙi.

Bayan an cire: a cije audugar kamar rabin awa, kada a kuskure baki ko a yi ta tofar da yawu a ranar, a bar sigari da tumbak na kwanaki. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa. In ya fita, kwana biyu zuwa huɗu za ka ji ciwon da ya fi na farko.

Cike giɓi

Hanya uku ce. Haƙoran roba na sawa da cirewa, "tagim", su ne mafi sauƙin kuɗi, ana gyara su a kusan kowane babban gari, kuma in wani haƙorin ya sake fita ana iya ƙara shi a jiki. Sai an saba, kuma dole a cire da dare a wanke. Wanda ke kwana da su yana tara datti a jikin sauran lafiyayyun.

Gada, wadda nan ake ce wa "kubri", kafaffiya ce. Ana fiƙe haƙora biyu na gefen giɓin a ɗora musu hula, na tsakiya ya rataya. In waɗancan biyun da ma suna da manyan ciko, babu asara sosai. In lafiyayyu ne, ka sani an taɓa biyu don a gyara ɗaya, kuma a bakin da ruɓewa ba ta tsaya ba, ƙarƙashin gada ne take fara laɓewa.

Sai dashe, "zira'a", wanda yanzu ake ta tallansa a Facebook, musamman asibitocin Alƙahira da 'yan Sudan da yawa ke zuwa. Wata 'yar kusa ce ta ƙarfen taitaniyom da ake dasawa a ƙashin muƙamuƙi, a jira ƙashi ya kama ta, sannan a ɗaura haƙori a kai. Wani likita ɗan Suwidin, Branemark, shi ya fara yi wa mutum a 1965, kuma aiki ne mai inganci. Amma a saurara. Akasari ana jiran wata uku zuwa shida tsakanin dasawa da ɗaurawa, wato tafiya biyu ke nan ko dogon zama. Ciwon sukari da ba a saita ba da shan taba suna sa ya ƙi kamawa. Ƙarfen ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi na kamuwa in ba tsafta. Sannan kamfanonin da ke ƙera su da yawa ne, kowanne da irin makullinsa. In aka dasa maka a Masar, notin ya kwance kana Doka ko Hawata, wa zai ɗaure? Duk wanda ya yi dashe ya karɓi takarda mai sunan kamfani da lambar abin da aka sa masa, ya ajiye tare da fasfo.

Shi kuma haƙorin Makka, ado ne da iyayenmu suka san daraja da shi, ba mu raina ba. Sai dai in aka fiƙe lafiyayyen haƙori aka kifa masa ƙarfen da bai zauna daidai ba, ruɓewa na cin sa ta ciki shekaru ba a gani. Hajiyar da ke jin wari ko tsami a gindin nata, ta je a duba.

Kafin ka hau kujera

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya canza lissafin nan gaba ɗaya. A da, mai babban aiki sai ya hau mota ya yi tafiyar kilomita 400 da 'yan kai zuwa Hartum, inda akasarin ƙwararrun likitocin haƙori na ƙasar suke, ko ya tsaya a Wad Madani. Hartum ta zama fagen daga, Madani ta faɗi a Disambar 2023, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo jihar Gadarif. Likitoci ma sun watsu, wasu gabas, wasu Masar da Saudiyya. Tun da soja suka karɓe Madani a Janairun 2025 da Hartum a Maris, mutane na komawa. Ma'ana, likitan da ke garin yau ba lallai ne yana nan baɗi ba. Don haka tambaya ta farko, da ladabi: "Dakta, aikin nan zama nawa ne, wata nawa zai ɗauka, kuma in ba ka nan wa zai ƙarasa?"

Ta biyu, a ɗauki hoto, "ashi'a", kafin a yanke hukuncin jijiya ko cirewa. Ka ɗauki hoton hoton da wayarka, ka tura wa kanka ta WhatsApp. Duk garin da ka faɗa, fayil ɗinka na aljihu.

Ta uku, a duba bakin duka, a rubuta maka tsari: wane ne na gaggawa, wane ne zai iya jiran wata shida. Tsarin da ya dace shi ne a fara kashe ciwo da kumburi, a wanke dasashi, a toshe ramuka, a ga ruɓewa ta tsaya, sannan a yi maganar hula da gada. Wanda ya fara yi maka tallan dashe alhali ga ramuka huɗu a buɗe, nemi ra'ayin wani. Farashi kuma, da yake fam na Sudan ba ya kwana inda ya yini, a rubuta shi da kwanan wata, a yi yarjejeniyar biya zama-zama. Mai katin inshorar lafiya ya tambayi abin da katin ya ɗauka tun kafin a fara.

Ta huɗu, kayan aiki. Ka ga an ɓare su daga leda a gabanka, ka tambaya ko akwai tukunyar turara su. Ciwon hanta na B da C na bin jini, kuma mai cire haƙori na bakin kasuwa da filaya ɗaya yake yi wa kowa. Likitan gaskiya na da rajista da Majalisar Likitoci ta Sudan, ba ya jin haushin a tambaye shi. Kai ma ka faɗa masa gaskiya: sukari, hawan jini, maganin tsinka jini, ciki.

Uwargida da yara

Hajiya, maganar nan da ake yi cewa kowane ciki sai ya ci haƙori ɗaya, jariri ba ya zuƙe komai daga haƙorinki. Amai ne da kwaɗayin zaƙi da kumburin dasashi ke haɗuwa. Mai ciki na iya zuwa a duba ta a yi mata ciko, an fi samun sauƙi daga wata na huɗu zuwa na shida. In kin yi amai ki kuskure da ruwa, ki ɗan jira kafin ki sa buroshi.

Haƙoran yara 20 ne, kuma "ai za su fita" ba hujja ba ce. Su ke riƙe wa na girma wuri. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: yaro na shekara shida wani turmi ke fito masa can baya, ba tare da wani ya fita ba. Wannan na girma ne, na har abada, kuma shi ne ya fi saurin ruɓewa don ana ɗaukarsa na yara. Ku buɗe bakin 'yan firamarenku yau ku duba. Kada a kwantar da yaro da fida mai shayi ko madara mai sukari. Da haƙorin farko ya ɓullo a fara gogewa, man kamar ƙwayar shinkafa har shekara uku, daga nan kamar ƙwayar wake, babba na tsaye a kansa har ya kai bakwai ko takwas.

Akwai kuma al'adar da ake yi a wasu sassan Sudan, da ake kira "haifat": jariri na gudawa da zazzaɓi, sai a ce kumburin dasashin nan ne, a tsaga a ƙwaƙulo farin abu. Wannan farin abun fiƙarsa ce da ba ta fito ba. Ana zubar masa da jini, ana sa masa cuta, ana lalata haƙorin girma da ke ƙasa, ita kuwa gudawar tana nan. Ruwan gishiri da sukari da asibiti take so. Ko kaka ce ta ce a yi, a ba ta haƙuri.

Tumbak kuma, samarinmu da suka taso a nan da yawa sun koyi cusa shi a leɓe, wasu har da cewa yana maganin ciwon haƙori. Ganyen taba ne da kanwa, kuma binciken da aka yi a kansa ya sami sinadaran da ke jawo kansa da yawan gaske. Duk gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, a kai wa likita.

Abin yi daga yau

Aswaki sunna ne, kuma icen arak da ake sayarwa a kowace kasuwar Sudan na goge datti sosai in an bi kowane haƙori ciki da waje. A riƙe shi da rana. Amma da safe da kuma daren kafin barci, a haɗa da buroshi da man da aka rubuta fuloraid 1,000 zuwa 1,500 a jikin kwalinsa, minti biyu. A tofar, kada a kuskure, a bar ragowar man ta kwana tana aiki. Bayan gogen dare ba shayi, ba madara, sai ruwa. A samu zaren sakace don tsakanin haƙora, inda buroshi ba ya kaiwa.

Shayi ba za mu ce a bari ba, wa zai ji? A ce wa mai shayi ta kawo sukari a gefe, a rage daga uku zuwa biyu, bayan mako biyu zuwa ɗaya. Harshe na sabawa. A shanye a zama ɗaya, a bi da kurɓin ruwa. Kofunan tsakanin abinci, na karramawar ciniki, a karɓa babu sukari, da na'ana'a ko citta.

Sai lokaci. Gadarif gari ne mai kalanda biyu. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa na sauka, baƙar lakar nan na riƙe mota, kuɗi na cikin gona, wanda ke can ciki in haƙori ya tashi sai dai haƙuri. Daga Oktoba riɗi na shigowa, dawa na biyo baya, hannu na da danshi, hanya a buɗe. Duk aikin da ke son zama uku da hula, ko jiran wata shida, yanzu ne lokacin fara shi, don ya ƙare kafin hadari ya haɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida, lokacin da kake ware kuɗin makaranta da na zakka da na aikawa gida, ka ware na duba bakin mutanen gidan gaba ɗaya, har da wanda bai yi ƙorafi ba, don ramin da ba ya ciwo shi ne mai arahar gyara.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya sa a yi kaka da albarka. Masu tambaya su aiko ta inda aka saba. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda mai ciwon sukari zai adana maganinsa a doguwar tafiya cikin zafi.